Bin sawun wuta a allon wutar talabijin bayan ta yi ɓarna

Talabijin ɗin da wuta ta buga yakan zo teburin gyara da alama kusan iri ɗaya: a danna shiru, ko ɗan jan ƙwan nan na gaba ma bai kama ba. Mai shi zai ce an ji ƙara “fas” lokacin da aka dawo da wuta, ko kuwa an sha tsawa da dare, gari ya waye ya ƙi tashi. Wani lokaci da warin ƙuna, wani lokaci babu komai. Ana buɗe bayansa sai a tarar fis ya yanke, kuma a nan ne mutane da yawa suke tafka kuskuren da ke mai da ƙaramin gyara babba: a sa sabon fis, a jona, a sake jin “fas”. A karo na biyun nan ne abin da ya tsira da farko yake tafiya.

Fis ba ya yankewa haka kawai. Wuta ta shigo ta wata ƙofa, ta bi wata hanya, ta ƙona abin da ta ƙona, ta tsaya a wani wuri. Aikin mai gyara shi ne ya bi sawunta tun daga ƙofar har inda ta tsaya, da mita a hannu, tun kafin ya jona allon wuta, wato farantin kayan lantarki da ke karɓar wutar gida a cikin talabijin. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan yake.

Kafin a taɓa komai, yana da amfani a san wace irin wuta ce ta shigo, domin kowace da irin ɓarnarta. Akwai tsinin wuta mai wucewa cikin ƙiftawar ido, wanda ke biyo wayar gida idan aradu ta faɗi kusa da layi ko an kashe wani babban inji. Wannan yakan tsaya a bakin allo, kan fis da MOV (faifan da ke shanye tsinin wuta) da gadar diyod (mai miƙe wutar gida). Akwai hauhawar da ke daɗewa, kamar idan wayar nutural ta tsinke a layi mai fuska uku, soket ɗin da ya saba ba da bolt 230 ya koma ba da abin da ya doshi 400. Idan aka miƙe bolt 400 aka tara shi a kafasita yana kaiwa kusan 565, alhali babbar kafasitar allon 450 aka rubuta a jikinta, shi ya sa za ka same ta ta kumbura ko ta fashe ta zubar da ruwanta. Sai ta uku, wadda ba ta wayar wuta take shigowa ba sam: ta eriya, ta wayar HDMI daga dikoda, ko ta wayar intanet. Ita wannan babban allo, mai sarrafa hoto da sauti, take ci, sau da yawa ta bar allon wuta lafiya lau. Tambaya ɗaya ga mai talabijin, “Me da me ya lalace a gidan ranar?”, tana rage maka rabin aiki. In ƙwayaye da caja da firji duk sun tafi, hauhawa ce. In dikoda da talabijin kaɗai suka mutu, ka fara zargin eriya.

Babbar kafasita tukuna

Allon wuta kashi biyu ne, kuma akwai farin layi mai kauri da ya raba su. A gefe guda an rubuta HOT, a ɗayan COLD. Ɓangaren zafi yana haɗe kai tsaye da wutar gida; ɓangaren sanyi shi ne wanda taransifoma ta ware, inda bolt 5 da 12 da 24 suke fita. Kowanne da nasa giraun, wato wurin da ake ɗora baƙin tsinken mita in za a auna bolt. Na ɓangaren zafi shi ne ƙafar ragi ta babbar kafasita, na ɓangaren sanyi kuwa shi ne ƙarfen jikin talabijin. Wanda ya auna ɓangaren zafi da baƙin tsinken mita a jikin ƙarfen talabijin, lissafin banza zai samu.

Babbar kafasitar nan tana riƙe wuta bayan an zare fulogi. A allo mai lafiya takan sauke kanta cikin ɗan lokaci, domin da'irar jira, wadda ke aiki ko talabijin yana kashe, tana ci gaba da zuƙarta. A allon da ya mutu kuwa babu mai zuƙa, sai ta zauna da bolt 300 da wani abu na tsawon sa'o'i. Saboda haka allon da ya fi kama da matacce shi ya fi haɗari. Ka sa mita a ma'aunin DC na bolt 600 ko 1000, ka auna ƙafafunta biyu. In da wuta, ka sauke ta da rizisto mai kilo'om 10, wat 5, wanda aka liƙa wa wayoyi masu rufi: ka riƙe sakan 10 zuwa 15, ka sake aunawa har ka ga ta sauka ƙasa da bolt 10. Kada a haɗe ƙafafun da sukudireba. Tartsatsin yana cin dalma, yana raunana kafasitar daga ciki, yana kuma iya ƙarasa wani abin da bai mutu ba. Wannan saukewar za ka maimaita ta duk lokacin da ka jona ka zare, ko sau ashirin ne.

Yanzu sai ido da hanci. Ka cire allon gaba ɗaya, ka ɗauki hoton yadda wayoyinsa suke kafin ka zare su, ka juya shi ƙarƙashin haske mai kyau. Fis mai gilashi yana ba da labari: in cikinsa ya yi baƙi ƙirin ko ya yi kamar madubi, wuta mai yawa ce ta ratsa shi a take, wato akwai abin da ya yi shot a gaba, ya haɗe wuta tana wucewa kai tsaye. In zaren ne kawai ya tsinke a tsakiya gilashin na nan fes, nauyi ne ya yi masa yawa a hankali. Yawancin allunan yanzu fis na tangaran suke da shi, ba a ganin cikinsa, sai mita. MOV shi ne faifan nan shuɗi ko rawaya da ke daf da fis, wani lokaci cikin baƙar roba. Ka duba gefensa da kyau, tsagewarsa takan yi siriri kamar gashi, da ɗan toka-toka a kan allon ƙarƙashinsa. Ka duba bayan MOSFET (tiransisto mai sara wuta) da IC (ɗan guntu mai ƙafafu da yawa da ke tuƙa shi) ko akwai ɗan rami ko ɓallewa kamar an ɗosana allura mai zafi. A bayan allon kuma ka nemi hanyar tagulla da ta narke ta ɓace, musamman kusa da inda wayar wuta take shiga.

Daga bakin ƙofa zuwa gada

Tsarin shigar wuta kusan ɗaya ne a duk allunan: fis, MOV, kafasita mai alamar X2, naɗin waya mai tace hayaniya, ƙananan kafasitocin Y, NTC, gadar diyod, sannan babbar kafasita. Haka za ka bi su.

MOV mai lafiya ba ya nuna komai a mita, OL za ka gani, alamar babu hanya. Aikinsa shi ne ya zauna shiru har sai wuta ta haura iyakarsa, sai ya buɗe ya shanye ta, in ta yi yawa ya sadaukar da kansa ya tafi da fis. In ya nuna ƴan om, ko ma ƴan kilo'om, ya gama aiki. A cikin allo wasu abubuwa na iya ruɗa awon, don haka ka ɗaga ƙafarsa ɗaya. Lambarsa tana da ma'ana: 14D471K na nufin faɗin milimita 14, yana fara aiki a bolt 470, kuma yana jure wutar gida har bolt 300. Mai lamba 561K yana jure 350, mai 681K kuma 420. A wuraren da wutar gida take bolt 110 zuwa 120 za ka ga 241K ko 271K, kuma in aka sa irin wannan a kan bolt 230 nan take zai ƙone. Ana iya gwada allo babu MOV, zai yi aiki sarai. Amma mayar wa mutum talabijin babu shi, a ganina, ha'inci ne, domin an cire masa garkuwar da ta ceci allon a wannan karon.

NTC baƙin faifai ne mai rage gudun wutar farko da ke cika kafasita. Mai lamba 5D-11 yana nuna kusan om 5 in yana sanyi. In ya tsage ko ya yanke, a canza. In aka yi masa gada da waya, duk kunnawa sai gadar diyod da fis sun sha duka.

Gadar diyod diyod huɗu ce a jiki guda, da ƙafa huɗu: ƙari, ragi, da biyu masu alamar igiya. Ka sa mita a ma'aunin diyod. Baƙin tsinke a ƙafar ƙari, ja a kowace ƙafar igiya: ka ga tsakanin 0.45 da 0.6. Jan tsinke a ƙafar ragi, baƙi a kowace ƙafar igiya: haka nan. In ka juya tsinkayen, lambar za ta yi ta hawa har ta kai OL saboda kafasita tana cika, wannan ba laifi ba ne. Duk inda ka ga 0.00 ko mita ta yi kuka ba tsayawa, akwai shot.

Sai dai a nan ake yawan zaluntar gada. In shot ɗin tsakanin ƙari da ragi ne, ba lallai ita ce mai laifi ba, domin duk abin da ke gabanta yana rataye a waɗannan ƙafafun biyu. Ka zuƙe dalmar ƙafar ƙari ka ware ta daga allon, ka sake aunawa. In gadar ta wanke kanta amma shot ɗin yana nan a kan allo, to wuta ta wuce ciki, aikin ya ƙaru.

Inda ɓarnar ta fi tsada

Talabijin masu ɗan girma suna da sashen PFC bayan gada: babban naɗin waya, MOSFET ɗaya ko biyu a jikin ƙarfen sanyaya, diyod mai sauri, da ƙaramin IC irin su L6562 ko FAN7530. Shi ne ke ɗaga wutar babbar kafasita zuwa bolt 380 ko 400 idan an kunna. Da yake naɗin wayar kusan sifili yake nunawa a mita, MOSFET ɗin PFC da ya haɗe yana bayyana ne tamkar shot a bakin gada. Akwai kuma wani diyod mai kauri, sau da yawa 1N5408 ko makamancinsa, wanda ya tsallake naɗin ya tafi kai tsaye ga kafasita. Shi ke ɗaukar nauyin wutar da ta shigo da ƙarfi, kuma ana yawan mantawa da shi. Ka auna shi.

Awon MOSFET ba wuya. Ƙafafunsa daga hagu, in rubutun yana kallonka, G ne, D, sai S; G ce ke buɗe hanyar wuta tsakanin D da S. A ma'aunin diyod, ja a S baƙi a D, ka ga kusan 0.4 zuwa 0.6. In ka juya, OL. Tsakanin G da sauran biyun bai kamata a sami hanya ba in an ciro shi. A cikin allo za ka iya ganin kusan kilo'om 10 tsakanin G da S saboda riziston da ke wurin. Wanda wuta ta kashe yakan haɗe ƙafa ukun duka.

To, wannan haɗewar ƙafa ukun ita ce abin lura. Da zarar D ya haɗe da G, bolt 300 da ɗoriya sun kwarara ta hanyar da aka yi domin bolt 12. Suna bi ta riziston G, mai om 10 zuwa 47, su bi ta ɗan diyod 1N4148 da ke gefensa, su ci zena (diyod mai iyakance bolt) in akwai, su ci ƙananan tiransistocin da ke tuƙa G ɗin, su isa ƙafar IC. Ta ƙasa kuma, wutar da ta ratsa S tana bi ta riziston awo, ɗan kauri mai om 0.1 zuwa 0.47, ta yanke shi. Yana yankewa, wutar ta rasa hanyar sauka, sai ta bi ta riziston kilo'om 1 zuwa ƙafar IC mai lura da nauyi. Shi ya sa in na ga MOSFET ya haɗe kuma riziston awo ya yanke, ba na ɓata lokacin tunanin ko IC ɗin ya tsira. A canza shi. Wanda ya sa sabon MOSFET a kan tsohon IC da ya ji rauni ya kashe maciji bai sare kansa ba: IC ɗin zai riƙe G a buɗe, sabon MOSFET ya mutu kafin ka ɗauke hannu daga makunni.

Duk ƙananan abubuwan da ke tsakanin IC da MOSFET sai an auna su ɗaya bayan ɗaya, har masu kama da ƙwayar gero da ke bayan allo. Rizisto ba ya buƙatar ya yi baƙi kafin ya lalace; mai om 22 yana iya komawa kilo'om 3 fuskarsa tas. Wajen auna riziston awo, ka fara haɗa tsinkayen mitarka ka ga nasu, yawanci om 0.2 zuwa 0.4, ka cire shi daga abin da ka samu. Kuma a mayar da daidai lambarsa. In ya fi girma, allon zai riƙa kashe kansa da zarar nauyi ya hau. In ya fi ƙanƙanta, ko aka yi gada da waya, an cire wa MOSFET birki.

In shot ɗin a kan babbar kafasita yake, bayan diyod ɗin PFC, masu laifin su ne masu sara wuta su ba taransifoma. A manyan alluna MOSFET biyu ne a jere, ɗaya kan ɗaya, IC irin L6599 yana tuƙa su. Waɗannan tare suke mutuwa, kuma tare ake canza su ko da ɗayan ya nuna lafiya, da lamba iri ɗaya. Ka duba kafasitar leda da ke jere da taransifomar, mai nF 22 zuwa 47 da bolt 630 ko fiye, in ta tsage ko ƙimarta ta sauka. A ƙananan alluna MOSFET ɗaya ne, kuma a gefen naɗin farko na taransifoma akwai diyod mai sauri irin FR107 ko UF4007 da rizisto da kafasita mai bolt 1000, masu shanye tsinin da taransifomar ke mayarwa. In diyod ɗin nan ya haɗe ko riziston ya yanke, sabon MOSFET ba zai daɗe ba. Kada a sa 1N4007 a gurbinsa don lambar ta yi kama, ba shi da saurin da ake bukata sai in shi masana'anta suka sa tun asali.

Da'irar jira ita ce ƙaramar taransifoma da IC mai ƙafa bakwai ko takwas, irin su VIPer22A, TNY268 ko STR-A6069H, wanda MOSFET ɗinsa yana cikinsa. Ita kaɗai ce ke aiki dare da rana muddin fulogi na jikin bango, don haka ita wuta take tararwa a farke. Sau da yawa akwai ɗan rizisto mai aikin fis, om 1 zuwa 10, da ke ba ta wuta. In ya yanke, kusan tabbas IC ɗin ya haɗe.

Kafin ka bar awon sanyi, ka auna tsakanin giraun na zafi da na sanyi. OL ya kamata ka gani, ko megom da yawa. In ka sami ƙasa da haka, wani abu da ya raba ɓangarorin biyu ya huje: kafasitar Y, ofto (mai tura saƙo da haske tsakanin ɓangarorin), ko taransifoma kanta. Wannan ba maganar talabijin ya tashi ko bai tashi ba ce, maganar rai ce, domin jikin talabijin da bakin eriya za su ɗauki wutar gida. Ofto, wato PC817 da ire-irensa, ɓangaren fitilarsa yana nuna kusan 1.0 zuwa 1.2 a ma'aunin diyod, kuma babu wata hanya tsakanin ƙafafun wannan gefe da na wancan. A ɓangaren sanyi kuma ka bi diyod ɗin fita. Nau'in Schottky ne yawanci, suna nuna 0.15 zuwa 0.35, kada ka ɗauka sun lalace don lambar ta yi ƙasa.

Inda allon ya ƙone ya yi gawayi, a kankare shi da wuƙa har a kai ga jiki mai tsabta, ko da zai bar rami. Gawayi yana wuce da wuta, kuma in aka bar shi zai ci gaba da cin allon a hankali. A goge da sifirit, a maye hanyar da ta narke da wayar tagulla mai kaurin da zai ɗauki nauyin, kuma kada wayar ta rage tazarar da ke tsakanin zafi da sanyi, wadda takan kai milimita 6 zuwa 8.

Jonawa ta farko

Ba a jona allon da aka gyara kai tsaye. Ana sa ƙwan lantarki mai zare a jere da shi, ko dai a kan wayar wuta, ko a liƙa shi a gurbin fis. Dole ya zama mai zare, na LED ba ya wannan aikin. Mai wat 60 ya isa gwajin jira. In komai lafiya, ƙwan zai yi haske ɗaya bal, ya dushe ya mutu cikin sakan guda: kafasita ce ta cika. In ya kama ya tsaya da cikakken haske, har yanzu akwai shot, amma ƙwan ya ɗauke nauyin, ba abin da ya ƙone. In yana kamawa yana mutuwa a jere, allon yana yunƙurin tashi yana faɗuwa. Ban san wani kayan aiki mai sauƙin haɗawa da ke ceton MOSFET kamar wannan ƙwan ba.

Ka maƙala baƙin tsinke a ƙafar ragi ta babbar kafasita tun kafin ka jona, ka yi awo da hannu ɗaya. Inda wutar gida take bolt 220 zuwa 240, za ka sami 310 zuwa 340 a kan kafasitar. Inda take 120, kusan 170. Sai ka koma giraun na sanyi ka nemi ƙafar jira a bakin soket ɗin da ke zuwa babban allo. An rubuta sunayen ƙafafun a jikin allon: STB, 5VSB, 3.5V, ko a sababbin alluna 12V ko 13V guda ɗaya.

In kafasita ta cika amma wutar jira babu, ka auna ƙafar VCC ta IC ɗin jira, wato ƙafar da yake samun wutar aikinsa. Sifili na nufin ba ya samun wutar tashi: ko rizistocin tashi masu ɗaruruwan kilo'om sun yanke, ko zena ko IC ɗin kansa ya janye layin ƙasa. In kuwa lambar tana hawa tana sauka, wani lokaci har da ƙarar “tik, tik” daga taransifoma, IC ɗin yana tashi amma ba ya samun abin riƙewa. UC3842, alal misali, sai VCC ta kai bolt 16 yake tashi, in ta sauka ƙasa da 10 ya kashe kansa. Abu uku ke jawo wannan: ƙaramar kafasitar VCC mai µF 22 zuwa 47 ta bushe, diyod ɗin da ke ciyar da ita daga taransifoma ya lalace, ko akwai shot a ɓangaren sanyi. Ita wannan ƙaramar kafasita ba ta kumbura in ta mutu, don haka ni ina ganin a canza ta kawai duk lokacin da aka taɓa da'irar. In wutar jira ta fito amma ba daidai ba, ka duba TL431 mai daidaita wutar fita, wanda ya kamata ƙafarsa ta awo ta tsaya a bolt 2.5, da ofton da yake tuƙawa.

Wutar jira ta samu, saura a tilasta wa allon ya tashi ba tare da babban allo ba. Ka nemi ƙafar PS-ON ko PWR-ON, ka haɗa ta da wutar jira ta bolt 5 ko 3.5 ta cikin rizisto mai kilo'om 1. In wutar jirar 12 ce ko 13, kada a ba ta kai tsaye. A raba ta da rizisto mai kilo'om 2.7 a sama da mai 1 a ƙasa, a ɗauki kusan bolt 3 daga tsakiya. Wasu allunan Samsung ba sa bukatar wannan, da an zare wayar babban allo suke tashi da kansu har fitilun bayan gilashi su kama. A wannan matakin ka canza ƙwan zuwa mai wat 100 ko 200, domin PFC yana jan wuta da ƙarfi wajen tashi, ƙaramin ƙwai zai shaƙe shi ka ɗauka matsala ce. Kafasita ta hau zuwa 380 ko 400, layin 12 da 24 su fito. In ta tsaya a 320 ɗinta, PFC bai tashi ba: ka bi ofton PS-ON da tiransiston da ke sakar wa IC ɗinsa wuta. Ka kuma auna jerin rizistocin megom da ke saukowa daga kafasita zuwa IC ɗin. In ɗayansu ya ƙaru, IC zai ɗauka wuta ta yi ƙasa ya yi ta ɗagawa, kuma hakan yana iya fasa sabuwar kafasita.

Layin da babu nauyi a kansa yana iya nuna lamba mai kyau ya faɗi da an ɗora masa kaya. Ƙwan mota mai bolt 12, wat 21, yana jan kusan amfiya 1.75, ya isa gwaji. Ga layin 24 a jera biyu. In allon ya riƙe, sai a mayar da shi cikin talabijin. In wutar jira tana nan daram amma da an jona babban allo ta faɗi, to allon wuta ya fita daga zargi. Ka auna layukan wutar babban allo zuwa giraun, ka duba ƙananan diyod ɗin kariya da ke bayan bakunan HDMI da akwatin tuna inda eriya ke shiga, can ne wutar da ta biyo eriya take barin sawunta.

Game da kayan maye, fis a mayar da irinsa daidai: T3.15A 250V na nufin mai jinkiri ne, in aka sa mai sauri zai yanke wajen kunnawa, in aka sa mafi girma kuma allon ne zai zama fis. Kafasitocin X2 da Y ba a maye su da na gama-gari, an ƙera su ne yadda ko sun mutu ba za su jawo gobara ko su kai wuta jikin mutum ba. Babbar kafasita ta zama bolt 450, mai jure zafin digiri 105, ƙimarta kusa da ta asali, kuma a lura da tsayinta don murfin baya ya rufu. MOSFET mai lamba 10N60 amfiya 10 ne, bolt 600. Ana iya hawa sama kaɗan, ba a sauka. In na asali mai rufaffen baya ne, kada a sa mai bayan ƙarfe ba tare da shimfiɗar raba wuta ba, domin bayan nasa ƙafar D ne. A shafa man sanyaya siriri, a ɗaure kusa tukuna sannan a sa dalma, in ba haka ba ƙafafun za su zauna a takure su tsage dalmar daga baya. Jabun MOSFET da IC sun yi yawa, kuma suna wuce awon mita lafiya, sai sun ji nauyi suke tona kansu. Wanda aka ciro daga tsohon allo na asali ya fi sabon da ba a san tushensa ba.

Bayan an cire ƙwan gwaji an sa fis, a bar talabijin yana aiki awa biyu ko uku da hoto mai haske, a kashe a kunna sau da yawa. Sai a zare, a sauke kafasita, a taɓa ƙarafan sanyaya. Ɗumi ba laifi. Wanda yatsa ba zai iya zama a kansa ba alhali na kusa da shi yana da sanyi, akwai saura a da'irar G ɗinsa, ko MOSFET ɗin ba na ƙwarai ba ne.

Akwai allon da bai cancanci wahalar ba: wanda taransifomarsa ta huje, ko gawayi ya ci layin da ya raba zafi da sanyi, ko IC ɗinsa ba a samunsa. In za a maye allon gaba ɗaya, lambar da ke kan takardar da aka manna a jikinsa ake bi, ba lambar samfurin talabijin ba, domin samfuri guda yana iya zuwa da gilashi iri biyu ko uku. A kwatanta teburin da aka buga a jikin allon, musamman bolt da miliamfiyan fitilun baya. Allon da soket ɗinsa ya shiga daidai amma yake tura wa fitilu fiye da ƙimarsu zai nuna hoto mai kyau a ranar, ya ƙone su cikin ƴan watanni.